Yadda Toronto Raptors ta haɗa 'yan wasanta a hutun 2018: tambayoyi da amsoshi

Da zarar an rufe kakar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a watan Yuni, hirar masu son ƙwallon kwando takan koma kan ciniki: wa ya bar ina, wa aka ba nawa, wa zai rasa gurbinsa. Wanda ya saba da kasuwar ƙwallon ƙafa yakan rikice, domin tsarin daban yake. Babu misalin da ya fi fito da abin fili kamar yadda Toronto Raptors ta Kanada ta yi a hutun 2018, shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane hali ƙungiyar take ciki kafin a buɗe kasuwa?

A takarda, lafiya lau. Ta ci wasa 59 cikin 82 a kakar 2017 zuwa 2018, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba tun kafuwarta a 1995, kuma ita ce ta ɗaya a sashen Gabas. Amma da aka shiga zagayen fitar da gwani, sai Cleveland Cavaliers ta LeBron James ta yi mata huɗu ba ko ɗaya a zagaye na biyu. Karo na uku ke nan a jere da Cleveland ke fitar da ita: 4 da 2 a 2016, 4 da 0 a 2017, sannan 4 da 0 a 2018. Ƙungiya ce mai kyau wadda kowa ya san inda ƙarfinta yake ƙarewa, kuma shugabanninta sun fi kowa sani.

Wa ke yanke hukunci a kan 'yan wasa?

Masai Ujiri, shugaban sashen wasa na ƙungiyar a lokacin, tare da babban manajansa Bobby Webster. An haifi Ujiri a Bournemouth ta Ingila a 1970, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Kenya, amma a Zariya ya tashi, a can kuma ya fara jefa ƙwallo a kwando yana ɗan saurayi. Ya zama gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA a 2013 yana Denver Nuggets, a shekarar kuma ya karɓi ragamar Toronto. Tun 2003 yake gudanar da Giants of Africa, shirin da ke horar da yara a ƙasashen Afirka. Ba na ɓoye cewa wannan na cikin abin da ya sa nake bin Raptors. Mutumin da ya koyi wasa a filin siminti ƙarƙashin ranar Zazzau ne ke zaune a wancan lokacin a kujerar da ake juya miliyoyin daloli.

Me ya sa aka sallami kocin da aka zaɓa gwarzon shekara?

An sallami Dwane Casey ranar 11 ga Mayu, 2018, bayan shekara bakwai, kuma a watan Yuni aka ba shi kyautar kocin shekara, lokacin har ya kama aiki a Detroit Pistons. Ba a ce bai iya aiki ba. Ƙorafin shi ne idan wasa ya yi tsami, abokan hamayya sun karanci salonsa, ba ya saurin sauya dabara. Aka ɗaga mataimakinsa Nick Nurse, wanda ya shafe shekaru yana koci a Birtaniya, ya kuma ci kofin ƙaramar gasar NBA sau biyu, a 2011 da 2013. A ƙaramar gasa 'yan wasa kan shigo su fita kusan kowane mako, don haka kocin da ya fito daga can ya saba da gwada sabon haɗi. Wannan hali nasa shi ya buɗe ƙofar gasar gurbi da za mu zo kanta.

Mene ne babban cinikin da aka yi?

Ranar 18 ga Yuli, 2018, Toronto ta miƙa wa San Antonio Spurs DeMar DeRozan da Jakob Poeltl da damar zaɓen sabon ɗan wasa a zagayen farko na 2019, ta karɓo Kawhi Leonard da Danny Green. Ujiri yana Kenya lokacin da aka ƙulla cinikin.

Kasada ce ƙwarai. Leonard shi ne gwarzon wasannin ƙarshe na 2014, sau biyu kuma gwarzon masu tsaron baya, a 2015 da 2016. Amma wasa tara kacal ya buga a kakar da ta gabata saboda ciwon cinya, ya ɓata da Spurs a kan yadda aka kula da ciwon, kuma shekara ɗaya ta rage masa kafin ya samu 'yancin tafiya inda yake so. Kowa ya san zuciyarsa na Los Angeles, yankin da ya taso. Wato Toronto ta ba da mutumin da ke sonta, ta karɓo wanda bai nemi zuwa ba, ba ta da tabbacin ƙafarsa, ba ta da tabbacin zamansa. Abin da ya ƙara wa Ujiri ƙwarin gwiwa shi ne a farkon watan LeBron ya bar Cleveland ya koma Lakers a sashen Yamma. Dutsen da ya tare hanya shekara uku ya gusa.

Me ya hana su biya kuɗi kawai su ɗauko shi, kamar a ƙwallon ƙafa?

A NBA ba a sayen ɗan wasa daga wata ƙungiya da tsabar kuɗi yadda ake yi a Turai. Kwantiragi ake musaya da kwantiragi. Akwai iyakar albashi da aka gindaya wa kowace ƙungiya, wadda a kakar 2018 zuwa 2019 ta kusa dala miliyan 102. Akwai kuma wani layi a sama, wajen miliyan 123.7, wanda duk ƙungiyar da ta haye shi sai ta biya haraji a kan kowace dala. Ƙungiyar da ta wuce iyakar albashi ba ta da damar zuwa kasuwa ta yi wa babban tauraro tayi. Abin da ya rage mata shi ne ta sabunta kwantiragin 'yan wasanta, ta ɗauki masu ƙaramin albashi, ko ta yi musaya inda albashin da ya fita da wanda ya shigo za su yi kusan daidai.

Toronto ta riga ta wuce iyaka. Albashin DeRozan na shekarar ya haura miliyan 27, na Leonard kuma ya ɗan haura miliyan 20. A nan Danny Green ya shigo da miliyan 10 ɗinsa, don lissafi ya daidaita. Mutane da yawa sun ɗauke shi gyara ne, irin wanda mai tumatir kan ɗora maka bayan ciniki. Sai ga shi ya fara wasa 80, yana jefa fiye da kashi 45 cikin ɗari na ƙwallayensa masu maki uku, yana kuma tsare mafi haɗarin 'yan gefe na abokan hamayya. Da tsohuwar zuma ake magani.

An yi wa DeRozan adalci kuwa?

A ganina an yi daidai a ciniki, an yi kuskure a mu'amala. Toronto ce ta zaɓe shi na tara a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2009, ya yi mata shekara tara, shi ne ya fi kowa ci mata maki a tarihi. A 2016 da ya samu 'yancin tafiya bai zauna da wata ƙungiya ba, ya sa hannu kan shekara biyar a kan dala miliyan 139, a garin da taurarin Amurka suka saba gudu saboda sanyi da haraji. Ya ce an nuna masa ba za a sayar da shi ba, kwanaki kaɗan kafin a sayar. Ujiri ya fito gaban 'yan jarida ya ba shi haƙuri kan rashin fahimtar da aka samu. Kyle Lowry, amininsa kuma mai raba ƙwallon ƙungiyar, ya daɗe yana jin zafin abin. Har yau idan na tuna ina jin ba daɗi, ko da na san inda labarin ya ƙare.

Ban da wannan, wa aka ɗauka?

Kaɗan ne, kuma ba masu tsada ba. Ƙungiyar ba ta da zaɓe ko ɗaya a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2018, domin ta ba Brooklyn Nets damarta a 2017 don ta rabu da kwantiragin DeMarre Carroll. Abu na farko da ta yi da aka buɗe kasuwa ranar 1 ga Yuli shi ne riƙe Fred VanVleet, shekara biyu a kan dala miliyan 18. Ta ba Lorenzo Brown cikakken kwantiragi bayan ya zama gwarzon ƙaramar gasa. A watan Agusta ta ɗauko Greg Monroe a kan mafi ƙarancin albashi, ya cike gurbin dogo na uku da Poeltl ya bari.

Na VanVleet ne ya fi muhimmanci. A zaɓen 2016 an kira sunaye 60, babu nasa. Ya shigo ta gasar gwaji ta Las Vegas, ya tsallake sansanin atisaye, ya yi ta kai da kawo tsakanin babbar ƙungiya da ƙaramarta, har ya zama jagoran 'yan bencin da suka fi na kowa a 2018.

'Yan wasa nawa ake riƙewa, kuma ta yaya ake tacewa?

A dokar lokacin, ƙungiya na iya zuwa sansanin atisaye da mutum 20. Kafin ranar buɗe kaka dole ta rage zuwa 15 masu cikakken kwantiragi, sai biyu masu kwantiragin gida biyu. Shi wannan an ƙirƙiro shi a 2017: ɗan wasa yana ƙaramar ƙungiya, amma a lokacin yana da damar kwana 45 tare da babba. Ƙaramar ta Toronto ita ce Raptors 905 da ke Mississauga, tafiyar mota ce ba nisa, don haka yaro na iya yin atisaye da manya da safe ya buga wa ƙanana da dare. Daga 2023 an ƙara gurbin gida biyu zuwa uku, na sansani kuma zuwa 21.

Akwai kuma kwantiragin gwaji, wanda ba shi da tabbacin albashi. Idan aka sallami mai shi, ya yarda ya zauna a ƙaramar ƙungiya kwana 60, yakan samu ladan da a lokacin ya kai dala 50,000. Wanda ke da tabbataccen kwantiragi kuwa, ko an sallame shi sai an biya shi kuɗinsa cif, kuma kuɗin na nan a lissafin albashi. Shi ya sa gasar sansani ba ta taɓa zama daidai wa daida ba. Mai tabbas yana da kujera tun kafin ya ɗaura takalmi, sauran kuma mutum biyar ko shida ne ke kokawa a kan gurbi ɗaya ko biyu, cikin makonni uku, da mintuna kaɗan a ƙarshen wasannin share fage lokacin da 'yan kallo sun fara watsewa. Toronto ma ta ƙara tsuke ƙofar, ta fara kaka da mutum 14 maimakon 15 don rage haraji.

To wa ya tsallake a wannan shekarar?

An yi sansanin a yankin Vancouver. Jordan Loyd ya riga ya riƙe gurbin gida biyu guda ɗaya. A kan ɗayan akwai Kay Felder da Deng Adel da Eric Moreland da Chris Boucher. Boucher ya samu.

Labarinsa ya isa a tsaya a kai. An haife shi a tsibirin Saint Lucia, ya tashi a Montreal, ya bar makaranta yana wanke kwanuka a gidan abinci kafin wani ya lura da tsawonsa. Ya tsinke jijiyar gwiwa a shekararsa ta ƙarshe a jami'ar Oregon, ba a zaɓe shi a 2017 ba. Golden State Warriors ta riƙe shi shekara guda, wasa ɗaya ya buga mata, ta sallame shi. Siriri ne kamar sillen kara, wanda duk ya gan shi zai ce ƙarfafa za su ture shi. Amma a Raptors 905 ya zama gwarzon gasa kuma gwarzon tsaro a kaka ɗaya, abin da ba wanda ya taɓa haɗawa kafinsa. A watan Fabrairu aka ba shi cikakken kwantiragi, ya ci gaba da zama a Toronto har 2025.

Moreland da aka sallama a Oktoba an sake kiransa kafin ƙarshen kaka, ya samu zoben zakaru shi ma da Toronto ta ci kofin 2019. Alfonzo McKinnie kuwa, wanda Toronto ta sallama a Yuli, ya je sansanin Warriors ya ƙwaci gurbi, ya dawo yana karawa da tsohuwar ƙungiyarsa a wasannin ƙarshe.

A cikin biyar ɗin farko, ina aka fi fafatawa?

Lowry da Green da Leonard ba su da abokin takara. Gurbi na huɗu ne ya zama tsakanin OG Anunoby da Pascal Siakam. Anunoby, haifaffen Landan ɗan iyayen Najeriya, shi ya fi kusa da shi, domin ya fara wasa 62 a shekararsa ta farko. Siakam ɗan Douala ta Kamaru, wanda sai da ya kusa shekara 18 ya kama ƙwallon kwando da gaske, ɗan benci ne mai maki 7.3 a kowane wasa. An san shi da gudu da naci, ba a san shi da iya jifa ba.

Siakam ya yi hutun a Los Angeles yana wasannin atisaye da manyan 'yan wasa, ya dawo da abin da ba shi da shi a baya. Yakan cafe ƙwallo a ƙarƙashin kwandonsu, ya ɗauko ta da kansa har ɗaya gefen, ya sa wa mai tsaronsa kafaɗa, ya juya kamar katantanwa, ya ajiye ta a kwando kafin wancan ya gano ta ina ya bi. Ya kuma fara jefa mai maki uku daga kusurwa. Nurse ya fara da shi a daren buɗe kaka, 17 ga Oktoba, kuma Siakam bai sake gurbin ba: ya fara wasa 79 cikin 80, makinsa ya tashi zuwa 16.9, aka ba shi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa ci gaba a 2019.

Anunoby bai yi laifi ba. Ya rasa mahaifinsa gab da fara kaka, ya yi fama da raunuka, sannan aka yi masa tiyatar afendis a Afrilu, bai buga ko minti ɗaya a zagayen fitar da gwani ba.

Gurbin dogon tsakiya fa?

Nan Nurse ya yi abin da ba a saba ba. A baya Serge Ibaka ɗan Brazzaville da Jonas Valančiūnas ɗan Lituweniya suna farawa tare, abin da ke sa ƙungiyar ta yi nauyin ƙafa. Sai ya raba su: idan abokan hamayya na da ƙaton dogo mai zama ƙarƙashin kwando, Valančiūnas ya fara; idan mai fita waje ne, Ibaka ya fara. Dukansu sun saba da jin sunansu a lasifika kafin wasa, kuma dukansu suna karɓar manyan albashi. Da ɗayansu ya yi tawaye da tsarin ya rushe. Ba su yi ba. Ibaka ya yi kakar da ta fi kowace kyau a zamansa na Toronto zuwa lokacin, maki 15 a kowane wasa. Valančiūnas ya gurɗe babban yatsa a watan Disamba, daga nan gurbin ya zama na Ibaka.

Me ya sa ake yawan hutar da Leonard?

Likitocin ƙungiyar sun tsara cewa ba zai buga wasa biyu a darare biyu a jere ba, don a lallaɓa ƙafar ta kai watan Yuni. Ya buga 60, ya zauna 22. A cikin waɗannan 22 ƙungiyar ta ci 17. A nan nake ganin asirin duka. Ba za ka iya ajiye tauraronka kashi ɗaya bisa huɗu na kaka ba sai idan waɗanda ke bayansa na cin wasa ba shi. Kowane daren da ya zauna, Siakam da VanVleet da Norman Powell sun samu ƙwallo a hannu a lokacin da ya fi tsanani. Ƙungiyar ta gama da nasara 58.

Jerin Oktoba shi ne ya kai ƙarshe?

A'a. An sallami Brown a Janairu, aka ɗauko Patrick McCaw. Ranar 7 ga Fabrairu, 2019, aka tura Valančiūnas da Delon Wright da C.J. Miles zuwa Memphis Grizzlies, aka karɓo Marc Gasol ɗan Sifen, aka kuma tura Monroe Brooklyn. Jeremy Lin ya shigo bayan 'yan kwanaki. Zuwan Gasol ya mayar da Ibaka benci a karo na biyu, lokacin da yake kan ganiyarsa, ya kuma haɗiye. A na huɗu cikin wasannin ƙarshe a Oakland, gidan Warriors a lokacin, daga bencin ya taso ya ci maki 20.

Shin ƙananan cinikin sun yi tasiri da gaske, ko Leonard ne kawai?

Leonard ne ya jefa ƙwallon da ta yi tsalle huɗu a bakin kwando kafin ta faɗa, ranar 12 ga Mayu, ta fitar da Philadelphia 92 da 90 a wasa na bakwai. Shi ne gwarzon wasannin ƙarshe. Ba mai ja da wannan. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. VanVleet ya ci maki 14 kacal a wasanni bakwai da Philadelphia, har ana cewa a ajiye shi. Milwaukee Bucks ta ci wasa biyun farko a zagaye na gaba. Sai aka haifa masa ɗa, ya dawo ya jefa 14 cikin 17 na masu maki uku a wasanni ukun ƙarshe. Siakam ya ci 32 a wasan farko da Warriors. Ranar 13 ga Yuni, wasan da a nan Najeriya ya fara ƙarfe biyun dare, VanVleet ya ci 22, 12 daga ciki a zangon ƙarshe, Toronto ta ci 114 da 110 ta ɗauki kofinta na farko. Babu ɗan wasa ko ɗaya a jerin da aka zaɓa cikin 14 na farko a shekararsa. Leonard na 15 ne, Lowry da Ibaka na 24, Siakam na 27, Green da Powell na 46, Gasol na 48.

Tunda Leonard ya tafi bayan shekara ɗaya, me ya rage wa ƙungiyar?

A Yuli 2019 ya koma Los Angeles Clippers, Green kuma ya koma Lakers, Toronto ba ta samu kowa a madadinsu ba. Masu sharhi da dama sun ce ta gama yawo. Sai ta ci wasa 53 cikin 72 a kakar da annobar korona ta gutsure, Milwaukee kaɗai ta fi ta a duk gasar. Nurse ya zama kocin shekara. Siakam ya sa hannu kan shekara huɗu a kan dala miliyan 130, ya fara a wasan taurari na 2020. VanVleet ya gaji gurbin Green, a Nuwamba 2020 aka ba shi shekara huɗu a kan miliyan 85. Anunoby kuwa ya koma cikin biyar ɗin farko a gurbin da Leonard ya bari, kuma shi ya jefa mai maki uku da saura rabin daƙiƙa ya doke Boston Celtics a wasa na uku na zagaye na biyu.